Ƙarar Motar Hedimasta

Gangare, Jos.
Lahadi, 11 ga Yuni, 1978.

Zuwa ga uwargidana Maimunatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya. Yaya jikin Yaya Balaraba? Allah ya sa ƙafar ta fara ɗaukarta, ya ba ki ladan jinya. Yaya zafin Gombe? Mu nan ruwa ake yi kullum, sanyi har cikin ƙashi. 'Yarki Mariya takan zo daga gidan mijinta ta yi mini tuwo, tana gaishe ki.

Yanzu ki ajiye abin da ke hannunki ki gyara zama, domin ina ɗauke da sanarwa mai nauyi. Ni Datti, shugaban makarantar firamare mai aji goma sha takwas, ina sanar da ke cikin alhini cewa ranar Talatar da ta wuce, da ƙarfe bakwai da kwata na safe, daidai kwanar masu kayan miya, motarmu ta fara cewa ƙas-ƙas-ƙas.

Kada ki yi dariya. Ƙarar ba babba ba ce, kamar dai mutum na ƙwanƙwasa ƙofa da farce yana jin kunyar shigowa. Idan na tsaya injin na aiki sai ta fito, idan na taka totur sai ta ɓuya. Na ɗauko littafin nan na Turanci mai koren bango, wanda kike cewa na fi kula da shi a kan rawanina. A bayansa akwai jerin kowace irin ƙara da cutar da take nunawa. Na yi kwana uku ina nazarinsa bayan la'asar. Kafin Alhamis na gano cewa motar tana da dukan cututtukan in ban da biyu. Ranar Juma'a na tsaya a kan guda: ƙarafan da ke can ƙasan injin, waɗanda makanikai ke ce wa mital, sun cinye. In haka ne, sai an sauke injin gaba ɗaya.

Jiya Asabar da hantsi na kai ta Dilimi wurin Cyprian. Kin san shi da aikinsa, shekara ashirin da ɗoriya ke nan muna tare, tun yana gyara mini keke. Bai ko dubi littafin ba. Ya ɗauko dogon sukudirebansa, ya kafa bakin a jikin injin, ya manna ƙotar a kunnensa, ya rufe ido kamar mai neman tashar rediyo ta nesa. Ya saurari wuri huɗu. A na huɗun sai ya buɗe ido, ya ɗan leƙa wajen batir, ya dube ni, ya sake duban batir. Daga nan ya ce injin nan ya fi ni da shi lafiya. Wai in taka zuwa wurin mai shayin bakin titi in sha shayi da burodi, kafin in shanye kofi ɗaya ƙarar ta tafi.

Ni kuwa kin san ba na barin mota a hannun makanike in juya baya. Na tambaye shi abin da zai gyara. Ya ce ɗan ƙaramin abu ne. Na ce ya faɗi sunansa. Ya yi murmushi ya ce abin ba shi da suna a littafina.

A kan bencin garejin akwai direbobi wajen shida suna jiran motocinsu, har da Jika mai tasi, wanda muryarsa ba ta san ƙasa-ƙasa ba. Suka fashe da dariya. Jika ya ce wai Hedimasta ya zo da allonsa zai koya wa injin karatu. Maimunatu, wannan dariyar ce ta ja mini. Da mu biyu ne kawai, da na tafi na sha shayin.

Na ce wa Cyprian, da irin muryar da nake yi wa 'yan aji shida magana, gyaran da ba ya yiwuwa sai mai mota ya ba da baya akwai abin da ake son cirewa ko musanyawa a cikinsa. Ban tsaya nan ba. Na ce kuma kunnen da ya ɗora a kan sukudireban ai shi ne wanda ƙarar bindiga ta kashe lokacin yaƙi, to me zai ji da shi.

Cyprian ya goge sukudireban da tsumma, ya sa hannu biyu ya rufe bonet a hankali, ya ce Allah ya kiyaye hanya, in na rubuta miki in ce yana gaishe da Mama Mariya. To ga saƙonsa na isar.

Na taso ina jin na yi nasara. Kafin in iso gida nasarar ta fara tsami. Maganar kunnen ba ta dace ba, wannan na yarda. Amma ke ma ki duba, mutum ya ce zai taɓa maka mota ya ƙi faɗin abin da zai taɓa, ai dole a yi tambaya. Ina ganin ina da gaskiya kashi bakwai cikin goma. Da safe na ce takwas, yanzu da nake rubutu ta koma bakwai.

Gobe zan kai ta wurin wani Ishaku a Titin Bauchi, an ce yana girmama masu ilimi. Ki gaishe da Yaya Balaraba da mutanen gida duka. Ki riƙa shan maganin ciwon bayanki.

Ni ne mijinki,
Datti.


Gangare, Jos.
Alhamis, 22 ga Yuni, 1978.

Zuwa ga Maimunatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da mai jiki, da fatan an samu sauƙi. Mu nan lafiya lau muke. Wannan ita ce takarda ta uku da na fara, biyun farko suna cikin murhu. Ki karanta ta ke kaɗai.

Gaskiya ne Ishaku yana girmama masu ilimi. Duk abin da na faɗa sai ya ce haka ne, ranka ya daɗe. Na ce mital ne, ya ce shi ma tun daga nesa ya ji mital. Da na ce masa aljani ne, da ya ce ya ga wucewarsa. Kwana huɗu ina zuwa bayan an tashi makaranta, ina tsaye da littafi a hannu yana zazzage cikin motar a kan buhu. Da aka kai ga mital ɗin sai ga su fes, suna ƙyalli kamar cokulan amarya. Ya mayar da komai, na tayar da mota, sai ta ce ƙas-ƙas-ƙas, daidai yadda ta saba, ko ɗan rage murya ba ta yi ba don ta rufa mini asiri.

Haushi ya sa Ishaku ya fara girgiza duk abin da hannunsa ya kai. Da ya zo kan batir ya ɗaga shi, sai ga wani ɗan gwangwanin man shafawa a maƙale a bayansa, an ɗaure shi da waya biyu. Ɗaya wayar ta cinye ta tsinke, shi ne gwangwanin ke bugun ƙarfe duk lokacin da injin ya girgiza. Cutar ke nan gaba ɗaya. Waya ce da ba ta kai tsawon yatsana ba.

Ya ɓalle murfin. A ciki akwai laya ɗinke da jar fata, an naɗe ta da ƙyallen atamfa.

Maimunatu, koriyar atamfa ce mai zanen kifi. Ni na sayo miki ita da hannuna a sallar da ta wuce waccan. Tun kafin ya gama warware ƙyallen na gane komai. Na tuna dawowata daga Akwanga bara, da na ba ki labarin yadda birki ya yi zafi a Hawan Kibo har yana hayaƙi, da babbar motar da na gani a ƙasan rami ƙafafunta sama. Ni da raha na ba da labarin, ke ba ki yi dariya ba. Na kuma tuna mako guda bayan nan zazzaɓi ya kwantar da ni, Cyprian ya zo da kansa ya ɗauki motar zai canja baƙin mai, kika raka shi har zaure kuna magana ƙasa-ƙasa. Sau ɗaya ke nan motar ta taɓa barin idona. Ashe ranar Asabar ɗin nan ya ji ƙarar sarai, ya ga inda take, ba abin da yake nema sai minti biyar ya ƙulla waya ba tare da ya tona miki ba.

Da a nan abin ya tsaya, da na rubuto miki muna dariya. Amma Jika yana wurin. Tun ranar da na yi maganata a Dilimi ya ɗauke tasinsa daga hannun Cyprian ya kawo ta Titin Bauchi, shi da wasu biyu, wai tunda Hedimasta da bakinsa ya ce ana musanya kaya. Ishaku ya ɗaga layar sama kowa ya gani, ya ce wannan ai asiri ne, irin wanda ake binnewa don mota ta yi ta lalacewa tana komawa wurin mai gyara. Ya tambaye ni wa ke buɗe bonet ɗin nan ban da ni. Jika ya yi salati ya amsa a madadina. Suka juyo gaba ɗaya suna kallona.

Kalma huɗu ta ishe ni a lokacin: ta matata ce, jama'a. Amma kin san ni da maganar laya. Ni ne na cire wadda ke saman ƙofar zaure na yi miki lacca har tuwo ya huce. Ni ne a majalisar ƙofar masallaci ba a kawo zancen ba tare da na kawo hujja daga littafi uku ba. Sai na ga kaina a idon mutanen nan, shekara guda ina yawo da laya a mota ina wa'azi a kanta. Na karɓi gwangwanin na sa a aljihu, na ce Allah ya kyauta. Abin da na ce ke nan. Kowa ya ɗauka na tabbatar.

Yau kwana shida. Zancen ya riga ni isowa Gangare, kuma a hanya ya yi ƙiba. Wanzamina ya gaya mini gwangwani uku aka samu, ɗaya da ƙahon akuya. Wani malamin makarantarmu ya ce ya ji duk motar da ta shiga garejin sai an sa mata. Kin san yadda irin wannan magana ke tafiya idan an ɗora ta a kan mutumin da ba yarenka ba. Shekaranjiya na bi ta Dilimi ban tsaya ba. Mota ɗaya ce a garejin, ita ma tasa ce. Yana zaune shi kaɗai a kan bencin direbobi yana wanke sifana da kananzir. Ya san wadda ta ba shi layar, kalma ɗaya za ta wanke shi, amma har yau bai ambaci sunanki ga kowa ba. Matarsa Adaugo na gamu da ita a bakin kasuwa, ta dube ni kamar yadda ake duban bango, ta wuce.

Shekara da shekaru ina ba mutane labarin yadda akwatin kayan aikinsa ya yi shekara huɗu a gidanmu bayan tashin hankalin sittin da shida, har ya dawo ya same shi ko ƙusa ba ta ɓata ba. A 'yan kwanakin nan na tuna abin da nake tsallakewa a labarin. A ƙarƙashin gadonki akwatin ya zauna, kuma sau biyu na ce a fitar da shi kada ya ja mana, kika ƙi.

Ina so in je in faɗi gaskiya, amma sirrinki ne, ba zan fasa shi ba sai da izininki. Ki rubuto da wuri. Ki gaishe da Yaya Balaraba, kada ki gaya mata komai tukuna.

Mijinki,
Datti.


Gangare, Jos.
Lahadi, 9 ga Yuli, 1978.

Zuwa ga uwargida Maimunatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, na yi murna da jin Yaya Balaraba ta fara takawa da sanda har tsakar gida. Allah ya ƙara sauƙi.

Takardarki ta zo ranar Laraba. Layi bakwai na ƙirga, biyu daga ciki gaisuwa. Na sha karanta rahoton sufetocin makaranta mai shafi ashirin wanda bai kai ta zafi ba. Kin ce ba ki roƙe ni in rufa miki asiri ba, kaina nake rufa wa, kuma kwanakin da na yi ina jiran izini Cyprian ne ya biya su. Kin ce ragowar atamfar tana ƙasan akwatinki na ƙarfe in ina bukatar shaida. Layin ƙarshe, inda kika ce tsoro ne ya sa ki, don ba ki da wani Datti in wannan ya faɗa rami, shi ne na kasa karantawa sau biyu.

Ranar Juma'a bayan masallaci na nemi Jika na ce ya tara mini direbobi a garejin Cyprian da safiyar Asabar, ina da magana. Ya ɗauka tonon silili za a yi. Tunda nake kiran taron iyayen yara ban taɓa ganin taro ya cika kamar wannan ba. Har Ishaku ya rufe garejinsa ya zo, masu faci da mai shayi duk sun matso.

Na sa babbar rigata fara, na ɗauki gwangwanin a hannun dama, zanenki a hammatar hagu. Ki kwatanta mijinki a haka yana ratsa Dilimi. Cyprian yana kwance ƙarƙashin motarsa, ƙafafunsa kawai ake gani, bai fito ba. Na shimfiɗa zanen a kan bonet, na ɗora ƙyallen a inda aka yanke shi, kan kifin ya haɗu da jelarsa. Sannan na faɗa musu duka. Na ce layar ta iyalina ce, ita ta roƙi Cyprian ya ɓoye ta saboda ta san halina. Na ce shi ya nemo gwangwanin don kada zafi da mai su ci fatar, kuma ya yi mata alkawari ya cika. Na ce kunnensa ya ji a minti biyu abin da ni da littafina da kwana huɗun Ishaku ba mu ji ba. Na ce ranar da aka buɗe gwangwanin na san gaskiya na yi shiru, don na fi tsoron dariyarsu a kan a ɓata sunan mutumin da bai taɓa cutata ba.

Dariyar kuwa an yi ta. Jika har da riƙe ciki, yana cewa ashe Hedimasta da rakiya yake hawa Kibo. Ta yi zafi, amma ba ta kai rabin yadda na ɗauka ba, kuma wannan ya ƙara mini kunya, ganin ƙanƙantar abin da na guje wa. Ishaku ya ce shi dama tun farko zuciyarsa ba ta kwanta da zancen asirin ba. Jika ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar ya ce oga Cyprian ya yi haƙuri, tasinsa na nan tafe ranar Litinin, wai tun da ta bar hannunsa take tari.

Sai da mutane suka ragu sannan ya fito. Na miƙa masa hannu, ya nuna mini nasa duk baƙin mai, ya ba ni tsintsiyar hannu na kama. Na nemi gafararsa a kan maganar musanya kaya, da maganar kunne, da shirun da na yi. Ya ce ya ji. Ya ce shi abin da ya dame shi yanzu ya kasa cika wa Mama Mariya alkawari, tunda ga shi duk Dilimi ta sani. Na ce ke kika ba da izini. Ya ɗaga kai, ya tambayi jikin Yaya Balaraba, ya ninke zanenki da bayan hannu don kada ya ɓata shi, ya miƙo mini.

Da zan tafi ya ce sai an jima, oga Hedimasta. Tun muna samari Datti yake ce mini, gatsau, ko a gaban malamaina. Jiya ne karo na farko da ya ba ni girma, kuma ban taɓa jin abin da ya ƙasƙantar da ni kamarsa ba.

Ba zan ce miki komai ya koma daidai ba. Mutum uku sun ce za su dawo masa da motocinsu. Amma ƙaryar ta je Bukuru, gaskiyar kuwa da ƙyar ta ƙetare Dilimi. Wanzamina har yau yana nan a kan ƙahon akuyarsa, ko da yake na zauna a gabansa na warware masa tun daga farko, askarsa a wuyana. Na ƙudura duk inda na ji zancen zan tsaya in gyara shi, ko a jana'iza ne. Da yamma kuma na je gidansu gaishe da Adaugo. Ta ba ni kujera, ba ta ba ni ruwa ba. Zan koma ran Lahadi mai zuwa.

Gwangwanin yana cikin akwatinki tare da zanen. Ra'ayina a kan laya bai canja ba, in kin dawo ma yi maganar, amma wannan karon ke za ki fara, ni in saurara.

Ki gaishe da mutanen gida, ki sanar da ni ranar tasowarki in tarye ki a tasha. Abu guda ya rage, ban iya faɗinsa da tsawo ba: Cyprian ne ya yi daidai, ni na yi kuskure.

Ni ne mijinki mai kewarki,
Datti.